Rabin Layi Daga Boko

Farin kwalin nan, irin wanda malaman firamare ke zana sassan jikin mutum a kai, shi ya hana Ulfa sakat a daminar bana. Ta shimfiɗa shi a tabarma, ta danne kusurwoyinsa da kofi da waya da warin takalmi, ta ja layin akwati da fensir ta goge, ta sake ja ta sake gogewa. In ta zauna sai ta miƙe, in ta miƙe sai ta leƙa zaure ta dawo. Mahaifiyarta Hannatu tun tana tambaya har ta gaji ta sa mata ido.

Aikin kuwa a baki ba wani abu ba ne. Tsofaffin ɗaliban makarantar kakanta, marigayi Malam Zainul Abidin, su suka ce a buɗe wa makarantar shafi a intanet. Sun watsu ko'ina, wasu Kaduna, wasu Abuja, wasu har Maraɗi, kullum sai bugo waya suke yi suna tambayar yaushe za a ɗauki sababbin ɗalibai, yaushe ne walimar sauka. Sakatarensu Al-Amin ya ce tun da ga 'yar gida ta yi karatun kwamfuta, me za a je nema a waje? Ita kuma Ulfa ta san ƙa'idar aikinta. Kafin a taɓa kwamfuta sai an zana taswirar shafin a takarda: akwati ɗaya a sama, shi ne shafin farko inda baƙo zai fara sauka, daga shi layuka su gangaro zuwa wasu akwatunan. Kowane akwati shafi guda ne, kowane layi hanya ce da mutum zai danna ya bi. Ta zana irinsa a makaranta ya fi a ƙirga, har da na kantin magani.

Sai dai kantin magani ba shi da wa da ƙane.

Makarantar ɗaya ce a suna, amma gida biyu take. Ta asali tana Boko, can ƙasar Kusada, inda Malam ya kafa ta, kuma babban ɗansa Malam Basiru ke riƙe da ita. Ɗayar tana cikin garin Kankiya a hannun ƙanensa Malam Sada, mahaifin Ulfa, ita ce mai benci da allon bango da janareta. Shekarar da Malam ya rasu aka yi sauka a Kankiya saboda yalwar fili, sai wani mai rawar kai ya bugo ƙyalle ya rataya a bakin ƙofa: Hedikwata Kankiya, Reshe Boko. Malam Basiru ya zo, ya ɗaga kai ya karanta, ya zauna har aka shafa fatiha, ko ruwa bai kurɓa ba ya koma gida. Tun ran nan bai sake taka Kankiya ba. Shi kuma Malam Sada ya kafe kan cewa ba shi ya rubuta ba, don me zai je ban haƙuri a kan laifin wani? Shekara uku ke nan ba faɗa ba zagi, ba kuma ziyara. Gaisuwar Sallah ma a bakin Ulfa ake aika ta.

Ita ce kuwa ta dace da aiken, don tun tana 'yar mitsitsiya aka kai ta riƙo Boko. A gaban Baffa Basiru ta fara ɗaukar allo, a gabansa ta sauke. Baba ya haife ta, Baffa ya raine ta, ba ta san wanda za ta zaɓa ta bar wani ba. Da maganar shafi ta kai kunnen Baffa, saƙo ɗaya ya bayar: a kawo masa ya gani da idonsa. In aka sake sa shi a ƙarƙashin wani, to ya cire hannunsa, Boko ta yi saukarta daban da sunanta daban. Kowa ya san Baffa ba ya magana biyu. Wato in zanen nan ya ɓaci, da hannun Ulfa za a tsinke ɗan zaren da ya rage tsakanin iyayenta, abin da ke hana ta barci ke nan.

Zanen farko ta yi masa wayo iya wayonta. Ta jera gidajen biyu kafaɗa da kafaɗa, ta auna da rula don kada wani ya fi wani ko da tsinin fensir, ta sa Boko a hannun dama. Ta kai wa mahaifinta a zaure bayan ya tashi daga karatun safe.

Malam Sada ya duba, ya gyaɗa kai. "Yaya a dama. To madalla, kin yi hankali. Kai mashi."

Ta nannaɗe kwalin ta zura a leda, ta shiga motar Kusada. Motar ta ƙi cika. Ta sauka ta tsaya, ta koma ta zauna, ta sake sauka, har direban ya ce, "Hajiya, in sauri kike ki biya kujerun mu tafi mana." Daga Kusada ta hau kabu-kabu, suka kutsa tsakanin gonaki, gero ya yi tsawo har yana dukan gwiwarta, taɓo yana fallatsa mata a hijabi. Ita dai ledar ta rungume.

Ta sami Baffa a zaurensa a kan buzu, da kwalbar tawada a gefe yana gyara bakin alƙalami. Ta durƙusa suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mahaifiyarta, ya tambayi ƙannenta ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina. Mutum ɗaya ne bai tambaya ba. Sannan ya sa tabarau ya ce ta buɗe.

Kallo ɗaya ya yi masa ya ce, "A'a, ai wanga salsala ce."

Kai, ina hankalinta ya tafi? Ga ta nan a bangon zauren, a cikin gilashi, salsalar gidansu da Malam ya rubuta da hannunsa: suna a sama, layuka sun gangaro, 'ya'ya a ƙarƙashin uba. A ƙarƙashinta Ulfa ta girma, amma ko sau ɗaya ba ta kawo kamar a ranta ba.

"Baffa, ba salsala ba ce," in ji ta. "Hanya ce. In mutum ya buɗe wayarsa, nan zai fara shiga, in ya danna nan sai ya..."

"Na ji." Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin akwatin Kankiya yana taɓa ƙananan akwatunan. "Ajin yara. Firamare. Ajin matan aure. Ɗakin kwamfuta. Hotuna." Ya dawo ƙarƙashin Boko. "Karatun allo. Karatun littattafai. Shi ke nan? Sada ya haifi biyar, ni biyu?"

"Baffa, abin da ake yi a kowane gida na..."

"Wanda duk ya ga wanga zai ce gidan Boko ya kusa ƙarewa." Ya cire tabarau ya ninke. Ba tsawa, ba ɗaga murya, da ma ya yi tsawar da ta fi jin daɗi. "Shiga ciki ki ci abinci, ɗiyata, kada rana ta yi maki."

Tuwon bai wuce mata ba. A hanyar dawowa haushi ya cika ta, na kanta da na tsofaffin nan biyu, malamai masu karantar da mutane haƙuri da zumunci safe da yamma, amma akwatin fensir ya gagare su.

Ta sayi sabon kwali. Wannan karon ta kwashe duk azuzuwan daga ƙarƙashin gidajen, ta tara su a akwati guda mai suna Karatu, ta bar wa kowane gida sunan malaminsa da kwatancen wurinsa kawai. A wajen aiki ma hakan ya fi, don uban da ke neman ajin da zai sa ɗansa ba ruwansa da tarihin wa da ƙane, aji yake nema. Har ta ɗan ji sanyi a ranta. Ta ja layi tsakanin Boko da Kankiya, yadda wanda ke shafin ɗaya zai tsallaka ɗayan kai tsaye, don haka aka koya mata. Sai ta tsaya da fensir a sama. Ina kan kibiyar zai kalla? In ya kalli Kankiya, Baffa zai ce an sa shi bin ƙanensa. In ya kalli Boko, Baba zai ce an mai da makarantarsa zauren wucewa. In ta sa kai biyu, wani zai auna ya ce ɗaya ya fi tsini. Ta ɗauki magogi ta murje layin tas, ta hure.

Malam Sada na ganin sabon zanen ya ɗaure fuska. "Ina ajin matan aure? Ina ɗakin kwamfutar da na sha wuya a kansa? Don a faranta wa Yaya sai a kwashe mani 'ya'ya?"

Ulfa ta kusa yin dariya don takaici. Shi ma 'ya'ya ya ce! Ta nuna masa inda suka koma, ta bi layin da yatsa sau biyu. Ya yi ƙwafa, ya ce ta yi yadda ta ga dama, ai yanzu zamaninsu ne.

Ta ɗauki hoton kwalin ta tura wa Al-Amin. Ko minti biyar ba a yi ba ya bugo.

"Malama Ulfa, zane ya yi kyau, sai dai kin manta abu ɗaya. Mutanenmu da waya za su buɗe, ba da kwamfuta ba. Fuskar waya kuwa siririya ce, akwati biyu ba sa zama gefe da gefe. Dole ɗaya ya hau kan ɗaya."

Ba mantawa ta yi ba, kawar da kai ta yi. Ta ce ko za a yi shi zagaye, kowa a gefen da'ira, ba sama ba ƙasa?

"Haba Malama, waya ai ba faifai ba ce," in ji shi yana dariya. "Ki dai daure. Ran Asabar muke taro, kuma na riga na yi wa mutane alkawari za su ga wani abu."

Ta kashe wayar ta shiga safa da marwa a tsakar gida. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ta ɗora ruwan shayi ta manta da shi har ya ƙone. Hannatu ta ce, "Ke, in aikin nan zai haukata ki, ki mayar musu da abinsu." Mayarwa ina? In ta ajiye, wani baƙo za su ba, ya zo ya rubuta Hedikwata da manyan baƙi ya ƙarasa rusa gidan.

A gefen kwalin ta zana doguwar fuskar waya, ta rubuta Boko a sama, Kankiya a ƙasa, ta kai wa mahaifinta tana jiran tsawa. Malam Sada ya daɗe yana kallo.

"To wa ya ce ba shi ne babba ba?" in ji shi a hankali, kamar ba da ita yake ba. "Ni na taɓa cewa ba shi ne babba ba?" Ya miƙa mata kwalin ya juya ga littafinsa, amma ta lura shafi ɗaya yake ta kallo bai buɗe na gaba ba.

Ran Alhamis ta sake kama hanya. Garin ya tashi da lumshi, iska tana kaɗa ganyen gyaɗa, ɗan kabu-kabun yana ta ɗaga kai sama yana cewa su yi sauri. A zauren Baffa ta shimfiɗa kwalin.

Baffa ya ƙirga ƙarƙashin Boko, ya ƙirga ƙarƙashin Kankiya, ya tarar daidai. Ta nuna masa fuskar waya, ga sunan garinsa a sama. Ta zaci zai yi murmushi. Ina! Ko gezau. Sai ya kai yatsa can ƙololuwa.

"Wane ne wanga?"

"Shafin farko ne, Baffa. Ba mutum ba ne."

"Kowa ya fito daga gare shi, amma ba shi da suna? Wace irin salsala ce ba uba?"

Ta buɗe baki za ta sake cewa ba salsala ba ce, sai ta ga ɓata yawu ne. Kuma in an bi ta gaskiya, sunan makarantar ne zai zauna a shafin farko, sunan makarantar kuwa sunan kakanta ne. Ta ciro biro ta rubuta a cikin akwatin: Malam Zainul Abidin. Baffa ya yi masa addu'a, ta ce amin.

"To yanzu gwada mani yadda ake tahiyar," in ji shi. "Ga ni na shigo."

Ta kama bayani, muryarta ta fara dawowa daidai. Ga baƙo a shafin farko. In tarihi yake so, ga hanya. In ranar sauka yake nema, ga hanya. In Boko zai zo, ya danna nan, ga sunan Baffa, ga kwatance tun daga tashar Kusada. Baffa yana bin layukan da ɗan yatsansa mai tabon tawada, a hankali, yadda yake bin allon ɗalibi.

"Na iso Boko," in ji shi. "To ina son in tahi Kankiya. Ta ina?"

"Sai ka koma sama, Baffa, ka gangaro ta wancan layin."

"In koma wurin Malam."

"E."

"Ba wata hanya?"

Yatsansa ya hau sama zuwa sunan mahaifinsa, ya gangara zuwa Kankiya, ya dawo ya sake hawa. Can waje aka yi tsawa mai nisa, wata akuya ta shigo zauren ta leƙa ta fita.

"Malam ya rasu, ɗiyata," in ji Baffa. "Wato tsakanina da Sada ba hanya sai an bi ta kan mamaci."

Idonta ya cika. Shi kuwa ya sunkuya har tabaransa ya kusa taɓa kwalin, ya karkata shi wajen hasken ƙofa. Wanda ya shekara arba'in yana duba allunan da aka wanke aka sake rubutawa, sawun magogi zai ɓoye masa?

"Nan an ja an goge."

"Ni na goge, Baffa."

"Don mi?"

"Tsoro na ji." Hawayen suka zubo, ta bar su. "Na rasa inda zan sa kan kibiyar. Ko'ina na sa, ɗayanku zai yi fushi. Wallahi Baffa na gaji. Kullum ni ce a hanya, in kawo gaisuwa in mayar da gaisuwa, ko wanne na je wurinsa sai in ji kamar na ci amanar ɗayan."

Ba ta taɓa yi masa magana haka ba tun da take. Ta sunkuyar da kai tana jiran abin da zai biyo baya. Sai ta ji ƙarar buɗe kwalba. Baffa ya tsoma alƙalaminsa na kara a tawada, ya share bakinsa a gefen kwalbar, ya ɗora a jikin akwatin Boko. Ya ja layi baƙi ƙirin, miƙaƙƙe ba rula, a kan sawun wanda ta goge. Da ya kai tsakiya sai ya ɗaga hannu, ya goge alƙalamin a gashin buzu ya ajiye.

"Baffa, bai kai ba."

"Na gani, ai ba makaho ba ne ni. Kai wa ubanki."

Ko abinci bai ce ta tsaya ta ci ba, ita ma ba ta nema ba. Sai dai tawadar allo ba ta biro ba ce, don a wanke ta aka yi ta, ɗigon ruwa ɗaya ya ishe ta. Ulfa ta tsaya a bakin zaure tana fifita kwalin da gefen hijabi, tana kallon hadarin da ya haɗo baƙi daga gabas, ɗan kabu-kabu yana ta danna ham. Da ta ga ya bushe ta nannaɗe shi a hankali, ta sa a leda, ta cusa cikin hijabi ta manne a ƙirji.

Ruwan ya cim musu kafin Kusada. Ba yayyafi ba, ruwa na gaske mai dukan fuska. Ɗan kabu-kabu ya ce su fake a wata rumfa, suka fake, ta kasa tsayuwa wuri ɗaya, tana taɓa ledar tana leƙen sama. Da ya ɗan tsagaita ta ce su tafi. A motar Kankiya ta sami kujerar gefen taga, gilashin kuma ba ya rufuwa, ta juya wa tagar baya ta dunƙule, ruwa yana zuba mata a wuya har suka iso. Duk hanyar abu ɗaya take juyawa a ranta: in Baba ya ga rabin layi ya ɗauka raini ne fa? In ya ce ai Yaya gwada shi yake yi? Ta san halin gidansu sarai, ƙaramin abu ke zame musu dutse.

Bayan la'asar ta shiga zauren gidansu a jiƙe sharkaf. Malam Sada yana zaune shi kaɗai da carbi. Ya buɗe baki zai yi faɗan shiga ruwa, ba ta ba shi dama ba, ta durƙusa ta warware kwalin a gabansa. Gefensa ya jiƙe, fuskar wayar da ta zana ta dame, amma layin yana nan.

Bai tambayi wanda ya ja ba. Tawadar gidansu ce, hannun kuma ya san shi tun kafin ya san nasa. Ya kalli sunan mahaifinsa a sama, ya kalli layin da ya taso daga Boko ya tsaya a fili.

"Mi ya ce?"

"Cewa ya yi in kawo maka."

Ulfa ta lalubo biro a jaka ta miƙa masa da hannu biyu. "Baba, ƙarasawa kawai za ka yi. Ɗan kaɗan ne ya rage."

Ya ture biron da bayan hannu har ya faɗi ƙasa. Shi ke nan, ta faɗa a ranta, an gama, kuma ni na ɗauko da hannuna.

"Yaya ne ya taso?" in ji Malam Sada. "Yaya ne ya taso ya zo rabin hanya, ya tsaya yana jirana?"

"Baba..."

"Mutumin da ya goya ni! In rafi ya kawo, a wuyansa nake tsallakawa. Shi ya fara kama hannuna a kan allo, ba Malam ba." Ya dafa ƙasa ya miƙe, carbin ya zube a tabarma. "Ni Sada ina zaune a kan gindina har wana ya taso mani? A gidan wa aka taɓa yin haka? Ƙane ke zuwa, Ulfa. Ƙane ke zuwa tun daga ƙofarsa har ƙofar wansa, ba a raba masa hanya. Kai, na ji kunya. Wallahi na ji kunya."

Ya ɗaga murya yana kiran a kawo masa hula da babbar riga. Hannatu ta fito da su a hannu tana cewa, "Malam, hadari fa bai gama ba, ga yamma ta yi, ka bari sai da safe mana." Ko kallonta bai yi ba. Ya zura rigar a bai-bai, ya cire ya gyara, yana neman takalminsa da ƙafa alhali ga shi a gabansa. Ya leƙa waje ya ƙwala wa maƙwabcinsu Sadisu mai mota kira, ya ce ya fito da ita yanzu yanzu, Boko za su.

Ulfa ta tsince biron daga ƙasa. "To layin fa, Baba? Ran Asabar za su..."

"Ba ni nan." Ya sunkuya ya nannaɗe kwalin da kansa, a karkace, ya sa a hammata. "Ba a nan za a ja shi ba. A gabansa zan ja, da tawadarsa, in ya yarda ya ba ni alƙalamin."

Ta miƙe da sauri tana gyara jiƙaƙƙen hijabinta, don ta saba duk tafiyar Boko tata ce. Har ta kai bakin ƙofa ya juyo.

"Ina za ki? Koma ki canza kaya kada sanyi ya kama ki."

Motar ta tashi, ta bi ta cikin ruwan da ya kwanta a lungu, ta sha kwana. Ulfa ta tsaya a ƙofar zaure hannunta ba kwali ba leda. Wayarta ta yi ƙara a jaka, ta san Al-Amin ne, ta bar ta tana yi. Ta koma ciki ta zauna a tabarmar mahaifinta, ta tattara carbinsa, sai kuka ya zo mata, na daɗi da na gajiya a haɗe, ta yi abinta ba ta ɓoye ba.

Hannatu ta leƙo. "Ya ba ki wani saƙo ne?"

Ulfa ta share fuska ta girgiza kai. "Babu, Umma. Yau ba wanda ya aike ni."